NA'URA MA TANA SON MAKIYAYI

A wannan fitowa mun ɗan ajiye zancen farashin bijimai da canjin naira a gefe, za mu taɓa abin da ke cikin aljihun kowannenmu, wato wayar salula, da kuma kwamfutar nan da ke biron ƙungiya ko a shagon maigida, wadda ba a tunawa da ita sai ranar da ta ƙi tashi.

A da, in falke ya taso daga Abalak ko Dakoro ya nufi kudu, dukiyarsa na tafe da ƙafa huɗu, kuɗinsa na ɗaure a ƙugu, lissafinsa kuwa yana cikin kansa ko cikin wani ɗan littafi da ya sha gumi. Yau rabin fataucin ya koma cikin waya. A can ake tura hoton sa, a can ake tayawa a sallama, a can lambar direban tirela take, da ta dillalin Maigatari, da ta mahaucin Legas da muke bi bashi. Wanda ma ya rantse ba zai taɓa karɓar kuɗi ta waya ba, shekarar 2023 ta kayar da shi. Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, da shigowar 2023 tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwanni, dole kowa ya koyi karɓar taransifa ko ya koma gida da shanunsa.

To, ga abin mamaki. Babu wanda zai sayi garke ya sake shi a daji ba makiyayi, ya ce in wata ta faɗi sai ya nemo mai magani. Amma haka muke yi wa na'urorin da ke riƙe da kuɗin garken. Shi ya sa muka ga ya dace mu fayyace cututtukan da suka fi kama su, sa'an nan mu yi bayanin wata dabara da ƙananan kamfanoni ke bi a ƙasashe da yawa, wato ɗaukar masani guda tsayayye wanda zai riƙa kula da na'urori a biya shi wata-wata.

WUTA, ZAFI DA ƘURA

Cuta ta farko ita ce wuta. Ɗaukewarta na hana aiki, amma dawowarta ta fi ɓarna, don sau da yawa takan dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ta ƙona caja ko ta taɓa cikin kwamfuta. Haka ƙaramin janareto da ke hawa yana sauka. In kuma wuta ta ɗauke alhali kwamfuta na cikin rubuta wani abu a ma'ajiyarta, takardar da ake aiki a kai na iya lalacewa gaba ɗaya. Mu da ke wannan ɓangare na iyaka mun ɗanɗana. A farkon watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a maido ta ba sai bayan ɗage takunkumi a 2024. Wanda ke da faifan hasken rana da batir ya ci gaba da aiki, saura kuwa sai bin layin masu caji.

Sai zafi da ƙura. Kwamfuta tana da ƴar fanka a ciki da ke fitar da zafi. Ƙurar hunturu da ta kara, in ta taru, takan toshe kafofin iska, na'ura ta yi ta zafi, ta yi nauyi, ta riƙa mutuwa da kanta. Sai ka ji an ce ai ta tsufa, alhali kuwa shara kawai take so. Batirin waya ma haka ne, wanda ake bari a rana kan gaban mota yakan kumbura ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba.

ƁATAN LISSAFI

Wannan ita ce ta fi ciwo, kuma ta taɓa samunmu a biron ƙungiya. Kwamfuta guda muke da ita, a cikinta sunayen membobi suke, da wanda ya biya kuɗin wata da wanda bai biya ba, da kwafen takardun duwan da na likitan dabbobi. Wata safiya sakatare ya kunna, sai ta yi ta wani ɗan ƙara, ƙas ƙas, ba ta buɗe ba. Mai gyara ya duba ya ce ma'ajiyar ce ta mutu. Ma'ajiya sabuwa ba ta da tsada, a ranar aka sa wata. Abin da ke cikin tsohuwar ne bai dawo ba. Mun yi makonni muna bin mutane ɗaya bayan ɗaya muna tambaya wa ya biya wa bai biya ba, kuma kun san yadda irin wannan tambaya take taɓa zumunci.

Haka yake ga falken da duk bashin da yake bi yana cikin saƙonnin murya na WhatsApp. Waya ta faɗa kwamin shayar da dabbobi, ko ɗan sane ya zare ta a cunkoson lodi, shi ke nan, shaida ta tafi. Mai gaskiya zai biya. Wanda zuciyarsa ke rawa kuwa, sai ya ce shi bai tuna ba.

Masana suna da ƙa'ida mai sauƙi a kan wannan: kowane abu mai muhimmanci a yi masa kwafi 3, a ajiye a ma'aji iri 2, kwafi 1 kuma ya kwana a wani wuri dabam da inda na'urar take. Mu ba baƙon abu ba ne a gare mu, ai shi ne raba garke, don kada annoba ko ɓarayi su same shi a wuri guda. WhatsApp na iya ajiye kwafin hira a asusun Google na mai wayar, kuma Google na ba kowane asusu wuri kyauta har gigabait 15. Sai dai fa sai an kunna abin, kuma sai mutum ya san adireshin asusun da kalmar sirrinsa.

ƘWAYAR CUTA DA TSOHUWAR MANHAJA

Kwamfuta na ɗaukar cuta kamar yadda dabba ke ɗauka a mashaya. Ƴar ma'ajiyar nan da ake sokawa, wadda wasu ke kira kile wasu filash, in ta shiga kwamfutar shagon buga takardu ta dawo ta shiga tamu, da abin da ta kwaso take dawowa. Haka manhajar sata da ake zuba wa mutum a araha, da saƙon da ke cewa latsa nan ka ci kyauta. Mafi muni ita ce cutar da ke kulle duk takardun mutum, a ce sai ya biya fansa kafin a buɗe.

A watan Mayu na 2017 irin wannan cuta, mai suna WannaCry, ta bazu a ƙasashe sama da 150, har ta tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila. Abin lura shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da maganin toshe kafar da ta bi tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sabunta kwamfutocinsu sun tsira, waɗanda suka yi sakaci su ta kama. Dattawanmu za su tuna bushiyar farkon shekarun 1980 da irin shanun da ta kwashe. Allurar riga-kafi ce ta kawar da ita, har aka ba da sanarwar ƙarewarta a duniya a 2011. Sabunta manhaja shi ne allurar kwamfuta.

Sai dai akwai ranar da kamfani ke daina yin allurar. Microsoft ya daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ya kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Yawancin kwamfutocin hannu na biyu da muke saye irin waɗannan ne a kansu. Suna aiki, ba a ce ba sa yi ba, amma ba su dace da taɓa asusun banki ba sai masani ya duba.

MAZAMBATA

Ɓarawon shanu na da sai ya sha raɓa ya yi kasadar ransa. Na yanzu yana zaune a inuwa da waya a hannu. Dabarunsu uku ne suka fi cin mutanenmu.

Ta farko, alat na jabu. Saƙo ya shigo wai kuɗi sun shiga, ko a nuna maka hoton rasit, ka saki dabbobi, mota ta tashi, sai daga baya ka duba asusu ka tarar wayam. Saƙo da hoto duk ana iya ƙirƙirarsu. Abin da ba ya ƙarya shi ne ka buɗe asusunka da hannunka ka ga kuɗin sun zauna.

Ta biyu, sace WhatsApp. Wani ya kira ka da ladabi, ya ce taron ƙungiya za a yi ta waya, ko tallafi za a raba, an turo maka wasu lambobi 6, ka karanto masa. Lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗinka. Da ka faɗa, ya koma wayarsa, sai ya shiga aika wa abokan cinikinka saƙo da sunanka da hotonka, wai mota ta lalace a hanya, a tura kuɗi ga wannan asusu. Maganinta kuwa yana cikin WhatsApp ɗin kansa, akwai inda ake sa lambar sirri ta biyu, aikin minti biyu ne.

Ta uku, sace layi. In ɓarawo ya sami sim ɗinka, ko ya yi dabara aka sabunta masa shi da sunanka, to duk saƙon tabbatarwa da banki zai turo wurinsa zai je. Sa wa sim lambar kulle, da hanzarta rufe layi da asusu da zarar waya ta ɓata, su ne katanga.

LAYI DA REZO

Mu masu ƙetare iyaka kowa da layi biyu ko uku yake yawo, na nan da na can. Layin da ya yi watanni da yawa ba a taɓa shi ba, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani, alhali asusun banki ko WhatsApp na ɗaure da shi. Ga kuma dokoki da ke canjawa. A watan Disamba na 2020 Najeriya ta ba da umurnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, a Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Da yawanmu a bakin iyaka suka san da zancen, bayan layi ya riga ya yi shiru.

Rezo ma, ko sabis a bakin ƴan uwanmu na kudu, ba abin dogara ba ne ɗari bisa ɗari. A Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma manyan wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a wajejen gaɓar Kodibuwa, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har wasu bankuna suka kasa aiki sosai. Babu masanin da zai hana irin wannan. Abin da zai iya shi ne ya shirya ka tun kafin ranar, wato layin kamfani na biyu, lissafin da ke buɗuwa ko ba intanet, da kwafi a takarda.

MAKULLI A HANNUN YARO

Wannan ba a cika faɗarta ba don kunya. Da yawanmu ba mu muka buɗe asusunmu ba. Yaron gida ne, ko mai caji a bakin kasuwa, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma da lambar wayarsa ya yi rajista. Ran da yaron ya tafi ci-rani ko aka ɓata da shi, makulli ya tafi da shi. Ba zargi muke yi ba, yawancin yaran nan masu amana ne. Amma dukiyar da makullinta ke aljihun wani, ba a gama mallakarta ba.

MAI GYARA DA MAI KIWO

Yanzu mu zo ga magani. Yadda muka saba shi ne, in abu ya lalace a kai wa mai gyara, a yi ciniki, a biya, a dawo. Ba laifi ba ne, amma mu duba da kyau. Mai gyara ba ya ganinka sai ɓarna ta riga ta auku. Bai san tarihin na'urarka ba. Abincinsa kuma yana ga lalacewarta. Ranar kasuwa da kake tsananin bukatarsa, shi ma ranar ce layi ya fi tsawo a rumfarsa. Ga shi kuma kana miƙa waya a buɗe, da duk sirrinka a ciki, ga wanda ba ka san gidansu ba.

Ɗaya hanyar ita ce a yi yarjejeniya da masani guda, ko ƙaramin kamfani, a yanka masa abin da za a riƙa ba shi kowane wata, shi kuwa ya ɗauki nauyin lafiyar na'urorin, ko sun lalace ko ba su lalace ba. A nan lissafi ya juya. Tunda kuɗinsa ba ya ƙaruwa in abu ya lalace, wahalarsa ce kawai ke ƙaruwa, to ribarsa ita ce kada ya lalace. Daidai da makiyayin da ka ba kiwo, wanda hutunsa da mutuncinsa ke ga lafiyar garke.

Aikin irin wannan mutum, a taƙaice, shi ne: ya rubuta kowace na'ura da kowane layi da asusun da ke ɗaure da shi. Ya tsara kwafin ajiya, ya kuma riƙa gwada maido shi lokaci-lokaci, don kwafin da ba a taɓa gwadawa ba kamar rijiya ce da ba a zura guga ba. Ya riƙa sabunta manhaja, ya share ƙura, ya sa na'urar daidaita wuta da akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta na ƴan mintoci har a kashe ta lafiya. Ya sa wa kowa lambar sirri ta biyu. Ya faɗa mana tun da wuri cewa batirin nan ko ma'ajiyar nan ta kusa, a tanadi kuɗinta. Ya zauna da membobi ya nuna musu sababbin dabarun mazambata da Hausar da za su gane. In matsala ta taso kana Mai'aduwa ko Illela, ka kira shi ya bi da kai ta waya, don yawancin matsalolin ba sa bukatar sukudireba.

ABIN DA ZA A RUBUTA

Sabo da kaza ba ya hana yanka, saboda haka a rubuta yarjejeniya gaban shaidu. A faɗi yawan na'urorin da ya ɗauka. A faɗi cikin awa nawa zai amsa kira, musamman ranakun kasuwa da makonnin gab da Layya, lokacin da tsayuwar yini guda ke cin ribar wata. A bambance abin da kuɗin wata ya ƙunsa da abin da za a saya dabam, kamar batir ko sabuwar ma'ajiya. A sa ya riƙa kawo ɗan rahoto kowane wata, ko da shafi guda ne. A tanadi wanda zai tsaya masa in ba ya nan.

Sharaɗi mafi girma shi ne na makulli. Kowane asusu da sunan mai shi za a buɗe, da lambar wayar mai shi. Kalmomin sirri na ƙungiya a rubuta su a rufe cikin ambulan, a ajiye wurin shugaba da ma'aji. Lambar sirrin banki da ta tura kuɗi kuwa, masanin ba ya bukatarta ko kaɗan, duk wanda ya tambaye ka ita ka sallame shi. In an rabu, ya miƙa kome, a canja makullai a ranar. Kafin a ɗauke shi ma a bincika, kamar yadda muke bincikar sabon dillali: ɗan wane ne, wa ya taɓa yi wa aiki, wa zai tsaya masa. Araha kuma ba ta ado, wanda ya faɗi kuɗin da ba zai ishe shi man babur ba, ba za ka gan shi ba ranar bukata.

ZANCEN KUƊI

Mun san abin da wani zai ce: ni da wayata guda, ina ni ina ɗaukar ma'aikaci? Gaskiya ne, mutum ɗaya ba zai iya ba, ba ma ya bukata. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma amfanin ƙungiya ke nan. Mu yi misali kawai. A ce mutum 20 sun haɗu, kowa ya ba da jaka 2 a wata, an sami jaka 40 ke nan da za a zauna a yi ciniki da masani a kansu. A shekara kowa ya kashe jaka 24. To, kowa ya auna wannan da kuɗin sa guda da aka saki kan alat na jabu, ko bashin tirela guda da shaidarsa ta nutse a ruwa, ko kwana biyu da mota ta yi a bakin iyaka dabbobi na ramewa don takarda ta maƙale cikin kwamfutar da ta ƙi tashi. Mu da ke biyan la'ada da kuɗin masu kora ba tare da gardama ba, mun san cewa tsaron dukiya yana cikin kuɗin dukiya.

Kada kuma a ɗauka an sami masani sai a miƙe ƙafa. Makiyayi ba ya hana fari, ba ya hana mai garke yin mugun ciniki. In ka karanta wa baƙo lambobi 6 da bakinka, babu injiniyan da zai tare su a iska. Ɗan littafin aljihun nan ma kada a yar da shi, a ci gaba da rubuta manyan basussuka a ciki da shaidu, don shi ba ya bukatar caji.

Kafin zama na gaba, muna roƙon kowane memba ya yi abu uku da kansa. Ya tabbatar ya san adireshin asusun da ke kan wayarsa da kalmar sirrinsa. Ya sa lambar sirri ta biyu a WhatsApp. Ya kuma duba ko duk layukansa da sunansa aka yi musu rajista. Wanda abin ya shige wa duhu ya biyo ta biro a taimaka masa, ba abin kunya ba ne. Shugabannin rassa kuma su zo da yawan mutanensu da ke son shiga haɗin gwiwar, da sunan duk wani masani mai amana da suka sani a garinsu, don a tattauna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.